Ƙulli Uku na Jan Zare

Ku da kuke bin labarin nan, na ga saƙonninku. Da yawanku sun ce na cika tsauri a kan 'yata, wata ma ta ce zuciyata dutsen guga ce. Ban ji haushi ba. Yau dai ba laifin yarinyar zan faɗa ba, nawa zan faɗa, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda bai san ni ba ya matso kusa.

Ni mai guga ce. Shekara goma sha tara ke nan ina tsaye a bayan tebur ɗaya, a wani babban gidan wanki, a ƙasar da ba tawa ba. Gidan wankin nan gida biyu ne a cikin ɗaya. Gaba akwai ƙofar gilashi da kantar karɓar kaya mai sheƙi da sanyin na'ura, nan masu kaya suke tsayawa. Baya kuma mu ne, da tururi, da ƙarar injuna, da ƙafafu masu kumburi. Ba ma ganin masu kaya, su ma ba sa ganinmu. Tufafinsu kawai muka sani.

Amma wanda ya san rigar mutum ya san rabin mutumin. Na san gidan da ake shan taba a ɓoye. Na san maigidan da kwalarsa ke zuwa da jan-baki kala biyu. Na san wanda ciwo ya fara ci tun iyalinsa ba su lura ba, daga inda bel ke matse masa wando.

Da yake ba na karanta rubutun ƙasar nan sai lambobi, tun zuwana na yi wa kaina dabara. Kowane gida da alamarsa: allura da zare, ƙulli a cikin bakin hannun riga na hagu, inda mai riga ba zai gani ba. Baƙin zare ƙulli ɗaya, gidan lauya. Kore ƙulli biyu, gidan mai otal. Jan zare ƙulli uku, gidan Likita. Madam, mai gidan wankin, ta taɓa sayo injin manna takarda. Takardun suka riƙa ɓallewa a ruwan zafi, zarena yana nan daram. Ta gaji ta ƙyale ni.

Gidan Likita mutanen ƙasarmu ne, amma ba irinmu ba. Mu a nan kashi biyu ne. Akwai 'yan jirgi, waɗanda suka sauka da akwati da takardar zama a hannu, aka tarbe su da mota. Akwai 'yan hanya, mu da muka shigo da ƙura a gira. Yare ɗaya, alƙibla ɗaya, amma ba a haɗa tabarma. Likita ɗan jirgi ne. Yana da ɗa namiji guda, injiniya, na sani don rigar aikinsa tana zuwa da tambarin kamfani a ƙirji. Shekara bakwai ina goge rigunan yaron nan. Babu warin taba, babu na giya, babu jan-baki. Aljihunsa sai guntun fensir da takardar alewa. Sau da yawa ina ɗora dutse a kan kwalarsa ina cewa a raina, duk uwar da ta samu wannan suruki ta yi barci da ido biyu a rufe.

To, ga 'yata. Shekararta ashirin da bakwai. Malamar makaranta ce a can gida, shi ya sa kowa a nan Malama yake ce mata. Shekara biyu da suka wuce na samu na kawo ta, ta hanyar wani kamfanin shara. Yanzu ofisoshi take sharewa tun da sassafe. Takardar karatunta tana cikin leda a ƙasan akwati, don a ƙasar nan ba ta fi takardar ƙunshe sabulu ba. Izinin zamanta irin nawa ne, na shekara-shekara, ɗaure a ƙafar mai aiki. Ƙofa ɗaya ce mai sauri ga mace irinta: ta auri mai takardar dindindin.

Yayana da ke can gida, wanda shi ne uba gare ta tun rasuwar mahaifinta, ya fi kowa sanin wannan ƙofar. Kowace safiya sai na tarar da saƙon muryarsa.

“Auta, kina jina? Yarinyar nan ba ƙarama ba ce. Mai Kanti ya sake kirana. Mutumin nan takardarsa ta dindindin ce, ba irin taku ba. In ta shiga gidansa ta huta, mu ma mu huta. Ga yarana biyu sun gama makaranta suna zaune suna korar ƙuda. Ki yi tunani. Kina jina?”

Mai Kanti ɗan hanya ne da Allah ya ɗaga, yana da shagon kayan waya a bakin titi. Ba shi da wani aibu da na sani. Da na yi wa Malama maganarsa, cewa ta yi, “Inna, mutumin da yana gaishe ki idonsa na kan ƙofar shago?”

“Ido ake aure ko mutum?”

Ta ci gaba da latsa waya. Labarin zuciya a tambayi fuska. Wata rana ta shiga wanka ta bar wayar a kan gado, haske ya kawo. Rubutunmu ne, na iya shi. A sama an sa *Injiniya*. A ƙasa: *Kin ci abinci? Kar ki ce shayi, shayi ba abinci ba ne.* Kafin in ɗauke ido wani ya biyo: *Yaushe zan zo in gaida Inna? Na gaji da tsayuwa a tashar bas kamar mai sayar da kati.*

Da ta fito, tawul a ka, na ce, “Wane ne Injiniya?”

“Inna, kin taɓa min waya?”

“Ita ta taɓa ni. Wane ne?”

“Wani ne.”

“Wani ba ya aure. Ya zo ranar Lahadi bayan la'asar. Kuma ki sani, sai na bincike shi ciki da waje kafin in buɗe baki. Ni ba a sayar mini da biri a sama.”

Ɗakinmu ɗaya ne, labule ya raba shi biyu. Ranar Lahadin Malama ta wanke labulen, ta aro kujera mai hannu wajen maƙwabciya, ta tura bokitai ƙarƙashin gado, ta lulluɓe risho da tire. Ta sa doguwar riga koriya mai ƙananan furanni a wuya, da mayafi ruwan toka, da 'yan kunnen da na saya mata ranar da ta sauka. Sau uku tana sake ɗaurin ɗankwali. Ni kuwa zanen da nake zuwa ta'aziyya da shi na ɗaura, don ya san ba wasa ya zo ba.

Ya yi sallama, ya cire takalmi a ƙofa, ya ƙi kujerar, ya zauna a ƙasa. Matsakaicin tsayi, baƙi, siririn gemu, murya ba hayaniya. Baƙin wando, riga mai launin sararin sama. Tun daga ƙofa idona ya tsaya a kan rigar. Yadin ba na talaka ba ne. Kuma karin da ke hannunta, wanda ya miƙe daga kafaɗa har wuyan hannu ba karkace, na san hannun da ya yi shi.

Malama ta kawo ruwan wanke hannu kafin shayi. Ya ɓalle maɓalli, ya naɗe hannun hagu. Bakin hannun ya juyo.

Jan zare. Ƙulli uku.

Jama'a, ba zan ɓoye muku ba, sai da na dafa ƙasa. Injiniya. Gidan Likita. Yaron da na yi shekara bakwai ina karanta halinsa a kan teburina, ga shi zaune a kan ledar ɗakina, yana wanke hannu a robar da muke jiƙa wanki. Na ce a raina, ashe Allah yana jin maganar da ake yi wa dutsen guga.

Ya gyara zama ya ce, “Inna, kafin komai, ina so ki san ko ni wane ne, da aikin da nake yi yanzu, don kada...”

“Sha shayinka.”

“Gara dai in faɗa da bakina, Inna.”

“Ɗan nan, na ce sha shayinka. Na san ka. Na san ka tun kafin ita ta san ka.”

Ya dubi Malama, ita kuma ta dube ni, baki a buɗe.

Na ce, “Ba ka shan taba.”

“Ba na sha.”

“Ba ka shan giya, ba ka bin mata.”

“Allah ya tsare ni, Inna.”

“To me ya rage? Na ba ka ita.”

Malama ta dire kofin da ke hannunta a kan faranti. Ni da na ce sai na bincika ciki da waje, tambaya ɗaya ban yi ba. Ban tambayi sunan ubansa ba. Na ga hannun rigar ya ɗan yi masa tsawo, na ce yayi ne na yaran yanzu. Na ga dunduniyar takalminsa ta cinye ta gefe ɗaya, na ce ɗan babban gida ba ya damuwa da ƙawa. Na leƙa ta taga na ga ya nufi tashar bas, na ce tawali'u ne, ba ya so ya kunyata mu da mota. Duk abin da ido ya kawo mini, zuciya ta yi masa riga ta sa masa. Mai iya ruwa shi ruwa ke ci.

Kafin magariba na danna wa Yaya saƙo. “Yaya, ka ba Mai Kanti haƙuri. Allah ya kawo wanda ya fi shi. Ɗan Likita ne, ɗan jirgi, injiniya. Ni na san shi, ba sai an bincika ba.”

Amsarsa ta zo da guɗar matarsa a bayan murya. A cikin kwana uku ya sallami Mai Kanti, ya sanar da dangi kaf, ya wakilta limamin unguwarmu ta waya, ya sa rana da kansa: ashirin da takwas ga watan gobe. A wurin aiki kuwa na gaya wa mutum ɗaya tak, Rediyo, wadda teburinta ke kusa da nawa, sa'ata ce, tare muka tsufa a cikin tururi. Wanda ya gaya wa Rediyo ya gaya wa duniya. Kafin azahar har masu injin matsa suna ce mini surukar Likita. Ban hana ba.

Haka aka yi mako biyu.

Ranar wata Talata yarinyar da ke tsaron kantar gaba ba ta zo ba, Madam ta leƙo baya tana tafa hannu. Motar gidan Likita ta iso, a kai musu kayansu ta ƙofar baya. Ni da Rediyo muka ɗauka, ita da kwandon zannuwan gado, ni da riguna a rataye a hannu. Shekara goma sha tara ban taɓa kai kaya mota ba sai ranar.

Baƙar mota ce doguwa. Direba ya juya baya yana sauke buhun kayan datti daga but ɗin bayan motar, sanye da yunifom ruwan toka da hula mai baki. A kujerar baya wani dogo ne mai jiki, waya a kunne, cikin farar rigar da na goge ranar Asabar. Hannunta ya zauna masa cif a wuyan hannu.

Direban ya juyo. Shi ne, Injiniyan Malama.

Bai razana ba. Wannan shi ne abin da na fara lura da shi. Fuskarsa ta washe, ya cire hula, ya tsuguna a kan jiƙaƙƙen siminti.

“Inna! Ina kwana? Yau Allah ya yi. Malama ta gaya min nan kike, kullum in na zo sai in yi ta leƙe, ba a barinmu mu wuce ƙofar nan.”

“Lafiya lau,” na ce. Muryata ce, amma kamar daga wani ɗaki.

Ya miƙe ya karɓi rigunan, yana shimfiɗa su a but ɗaya bayan ɗaya, yadda ba za su karye ba. Yana yi yana magana ƙasa-ƙasa. “Ban samu na yi miki godiya yadda ya kamata ba. Gida biyu na taɓa zuwa neman aure a garin nan, da sun ji direba ne, ba takarda, sai a ce za a neme ni. Ke kuwa kin san komai, ba ki ma bari na faɗa ba, kika ce kin ba ni. Na gaya wa mahaifiyata a waya, sai da ta yi kuka.”

Na ce, “Shuɗiyar rigar nan ta ranar Lahadi.”

“Oga ne ya ba ni, ɗan Likita, ga shi can a kujerar baya. In ya gaji da riga yakan miƙo min.” Ya ɗan yi murmushi. “Ajinmu ɗaya a jami'a can gida, bencinmu ɗaya. Shi ya taimake ni da aikin nan.”

Gilashin baya ya sauka. Dogon bai dube ni ba, bai dubi Rediyo ba. “Kai, yi sauri mana, ina da taro.”

“To, Oga.” Ya mayar da hula. “Inna, sai na zo.”

Motar ta tafi ta bar mu da buhun datti. Rediyo ta riƙe ƙugu, ta bi ta da kallo har ta sha kwana.

“Gwana,” ta ce, haka take kirana, “ina da tambaya. Surukin naki wanne ne a ciki, na zaune ko na tsugune?”

“Ɗauki buhu mu shiga.”

“A'a, don in san irin ɗinkin da zan yi ne. In na zaune ne leshi zan saya. In na tsugune ne, tsohon zanena ma ya isa.”

“Rediyo, in ba ki rufe bakin nan ba zan goge miki shi.”

“Ni kika gani. Shekara nawa kina ce mana riga ba ta yi miki ƙarya? To riga ba ta yi ba. Ke kika yi wa rogo kallon kitse.”

Na ɗauki buhun da kaina na yi gaba, don gaskiya ta faɗa, kuma gaskiya ko daga bakin mahaukaci ta fito sunanta gaskiya.

A nan sai na faɗa muku wani abu da ban taɓa ɗauka laifi ba. A gidan wankin nan, kayan masu gida ni nake taɓawa. Kayan 'yan aikinsu, na kuku da mai gadi da direba, teburin Rediyo suke zuwa. Ba Madam ta raba haka ba. Ni na raba, tun da hannuna ya faɗa, kuma ina taƙama da shi. Ni 'yar hanya, mai kwana a bayan labule, ina ƙyamar yunifom ɗin ɗan hanya ɗan'uwana. Da ina taɓa su, da na san akwai mutum na biyu a gidan nan.

Da aka zazzage buhun, Rediyo ta miƙa hannu za ta janye nata kason. Na riga ta. Na ɗauko yunifom ɗin direba, wanda ya cire ya canza.

“Yau kuma? Sarauniya ta sauko kasuwa?”

Na shimfiɗa shi a teburina, na yi masa binciken da ban yi wa mai shi ba. An juya kwalar, an ɗinke ta da hannu, ɗinkin namiji, ƙanana amma ba su miƙe ba. Babu warin taba. Gwiwoyin wandon sun koɗe daidai inda mai sallah ke kai su ƙasa. Maɓalli ɗaya ba irin sauran ba ne, amma an nemo mai kama. A cikin murfin aljihu akwai lambobi da fensir, da zanen wani abu mai kama da gada, irin na wanda hannunsa ke ƙaiƙayin aikin da ya koya, yana zaune yana jiran wani ya gama taro. Shekara bakwai ina yaba ɗan Likita don rigarsa ba ta da datti. Wanda ake wanke wa riga bayan sawa ɗaya, ina zai samu datti? Wannan kuwa an sa shi kwana shida a rana da gumi, kuma abin da na samu a jikinsa ke nan.

Ƙa'idar aikinmu ce a lalube aljihu kafin kaya su shiga ruwa. A aljihun ciki na ji takarda. Ambulan ce ruwan ƙasa, an ninke ta huɗu, ta yi laushi don yawan buɗewa. Ba sai na iya yarensu ba. Duk ɗan hanya ya san wannan ambulan da hatimin da ke kusurwarta. Na gan ta a hannun maƙwabta sun fi goma, kuma babu ɗayansu da ke ƙasar nan yanzu. Daga ofishin shige da fice take, mai cewa an ƙi, ka fita kafin rana kaza.

Na nemi lambobin. Tara ga watan gobe.

Rediyo ta leƙo ta kafaɗata. Ta ga hatimin. Ta koma teburinta ta ɗauki dutse.

Na iso gida rana ba ta faɗi ba. Malama tana zaune a bakin gado, ƙafafu cikin ruwan ɗumi, har yanzu da shuɗiyar rigar kamfanin shara a jikinta. Waya a cinya, tana murmushi. Na ajiye jaka, na cire mayafi na ninke, na zauna a gabanta.

“Tun yaushe kika san na yi kuskure?”

Murmushin ya tafi. Ba ta yi kamar ba ta gane ba, wannan na ba ta. “Tun ranar da Kawu ya kira ni yana ce min surukar Likita.”

“Kika yi shiru.”

“Inna, sau biyu ya buɗe baki, kika ce ya sha shayi.”

“Shi na hana. Ke wa ya hana ki?”

“Tsoro.” Ta fitar da ƙafa ɗaya daga ruwan. “Na san in kin ji za ki janye. Shi bai san kin ɗauke shi wani ba. Kullum sai ya ce bai taɓa ganin mace mai zuciya irin taki ba. Na rasa ta inda zan fara.”

Na ciro ambulan ɗin na ɗora a kan gwiwarta. Ta dube ta kamar wadda ta ga tsohon sani.

“Wannan ma kin sani.”

“Tare muka buɗe ta. Karo na uku ke nan suna ƙi. Sun ce takardar karatunsa ba ta cikin waɗanda suke ɗauka. Takarda ɗaya ce da ta Oga, Inna, rana ɗaya aka ba su. Shi dai ubansa ya kai shi wata makarantar a nan ya ƙara shekara ɗaya, aka buga masa hatimi.”

“Ba tarihi na tambaye ki ba. Tara ga wata zai fita. An sa aure ashirin da takwas. Da wa za a ɗaura, da hularsa?”

“So muke a matso da ranar.”

“Sannan?”

Ta ɗago ido. “Sannan in bi shi.”

Akwai maganar da in ta shigo ɗaki sai ka ji har ƙarar firij ta maƙwabta. Na ji ta.

“Ki bi shi ina?”

“Gida.”

“Gida. Shekara goma sha tara ina tsaye. Jijiyoyin ƙafata sun fito kamar igiya. Na bar ki kina shekara takwas, ban ga faɗuwar haƙoranki na ƙarshe ba, ban ga ranar da kika gama makaranta ba, duk don in fitar da ke daga wurin nan da kike kira gida. Me ke can? Ya samu aiki?”

“Bai samu ba. Zai nema.”

“Da 'zai nema' ake dafa abinci?”

“Inna, a nan ban-ɗakin ofis nake wankewa. Matar da nake share wa tebur, rannan ta tambaye ni ko na iya ƙirga zuwa ɗari. A can ko albashi bai zo ba, ina da allo da alli, yara suna miƙewa in na shigo.” Ta fitar da ɗaya ƙafar daga ruwan. “Ban raina wahalarki ba. Amma kin kawo ni in zama mutum ne, ko in zauna a nan kawai?”

“Garin neman gira za ki rasa ido.”

“Wataƙila. Ke dai kika ce kin ba shi. Kuma ke kika koya min magana zarar bunu ce.”

Yaro in ya girma da karin maganarka yake dukanka.

Ba zan ce muku na yi kuka ba, don ban yi ba. Na tashi na zubar da ruwan ƙafarta, na ɗauraye robar, na kife. Ina yi ina aunawa. Mai Kanti bai yi aure ba tukuna. Kira ɗaya zan yi wa Yaya in ce an yaudare mu, kafin gobe ya janye wakilcinsa, kuma babu wanda zai ga laifina. Sai dai ba a yaudare ni ba. Yaron ya zo da gaskiyarsa a baki, ni na mayar masa da ita ciki. Na ba da 'yata ga riga, Allah ya sa akwai mutum a cikin rigar. In na janye yanzu, to na tabbatar wa kaina cewa rigar nake so.

Kuma in ban janye ba, zan koma kwana ni kaɗai a ɗakin nan, labule ba abin da zai raba.

Na ɗauki waya. Malama ta miƙe tsaye, ƙafafunta na ɗiga a kan leda.

“Inna, me za ki ce masa?”

Na ɗaga mata hannu. Na danna.

“Yaya, barka da yamma. Maganar ranar nan ce. A matso da ita, Juma'a ta sama. Angon yana da tafiya.”

Na saki. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ni da ake tsoron bakina a dangi don ba ya rufa wa kowa asiri, yau na rufe rabin magana na aika wa ɗan'uwana da rabi.

Malama ta durƙusa ta kama ƙafata. Na ce ta tashi ta goge ledar kafin wani ya zame.

Ba a yi minti biyu ba amsa ta shigo. Na buɗe, muryar Yaya ta cika ɗakin, yana dariya.

“Tafiya! Ai manya ba sa zama wuri ɗaya. Ba komai, Auta, Juma'a ta sama ta yi, yanzu zan kira liman. Ni ma ina da albishir: gobe zan kai yaran nan biyu a ɗauke su hoton fasfo, tunda yanzu muna da babban mutum a can. Af, ki turo min lambar surukin nawa. Kunya ta ƙare, ni zan yi masa maganarsu da bakina. Yanzu-yanzu, ina riƙe da wayar. Kina jina?”

Ina jinsa. Malama ma tana jinsa, da tsumma a hannu. A saman wayar, ƙarƙashin hotonsa, alama ta nuna yana nan bai sauka ba, yana jira.